BBNaija da 'ya'yanmu na jami'a: ba tsiraici kaɗai ba ne abin dubawa

Duk shekara da an buɗe gidan Big Brother Naija sai muhawara ta tashi a majalisunmu, daga Agege har Sabon Ibadan. Dattawa su ce a rufe shi, kamar yadda ƙungiyar MURIC ta nema a 2019. Ni kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda 'ya'yanmu da ke UNILAG, LASU da jami'ar Ibadan suke kallon shirin, domin su ne ke zaune a hostel ɗaya da masoyansa.

In ka zauna da su, da wuya ka samu wanda zai kare shaye-shaye da rungume-rungumen daren Asabar. Sun yarda bai dace ba. Amma kusan kowa zai ce maka shi dai bai taɓa shi ba, yara ƙanana ne abin ji. Wannan amsar ban cika yarda da ita ba. Wanda ya kwashe sama da wata biyu yana bin wa ke son wa, wa ya ci amanar wa, har yana rigima a WhatsApp saboda gwaninsa, da wuya a ce bai ɗebi komai ba.

Sai dai inda suka fi mu gaskiya shi ne maganar kuɗi. A 2020 ASUU ta yi yajin aiki na wata tara. A tsakiyar wannan zaman gidan ne Laycon, wanda ya karanta falsafa a UNILAG, ya lashe kyautar da ta kai naira miliyan 85, gwamna Dapo Abiodun na Ogun ya ƙara masa gida da miliyan 5, ya kuma naɗa shi jakadan matasa. A 2022 aka sake rufe jami'o'i wata takwas, Phyna ta tafi da kyautar miliyan 100. To ɗalibin da ke zaune a shagon babansa a Mile 12 yana jiran a koma aji, me ake so ya fahimta? Darasin da ya ɗauka ba na tsiraici ba ne kawai. Ya ga cewa suna ya fi digiri saurin biya, kuma hukuma da kanta ta tafa wa hakan. A ganina nan ne ɓarnar ta fi zurfi, kuma ita ce ba a cika taɓowa a wa'azi ba.

Batun rufewa kuwa, mu daina yaudarar kanmu. Shirin na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, kuma ana iya kulle tashar a DStv ko GOtv da lambar sirri. Amma yawancin yaranmu ba a talabijin ɗin falo suke gani ba, guntayen bidiyo ne a TikTok da Instagram, cikin wayar da mu muka saya musu.

Akwai kuma matsin da iyaye a Kano ba su san shi kamar mu ba. Yarinyarmu mai hijabi a ajin da kowa ke hirar wanda aka kora ranar Lahadi, in ta ce ba ta kallo sai a ɗauke ta baƙauya. Wasu don gudun wannan kawai suke leƙawa. Ƙungiyoyin ɗalibai irin su MSSN suna ƙoƙari, amma shugabannin al'ummarmu na Sabo ba su cika zama da waɗannan yaran su ji ta bakinsu ba, sai dai a yi musu faɗa idan sun zo hutu.