Fankar Amfilifaya: A Rage Ƙara, Kada A Rage Iska

Yau zan taɓo wani abu ƙarami da ke jawo asara babba, wato fankar da ke cikin amfilifaya.

Kusan kowane masallacin zango yana da amfilifaya, haka makarantun Islamiyya da masu ba da hayar kayan sauti na biki da suna. Yawancinsu na hannu ne, an sayo su bayan sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa. Koken da na fi ji shi ne: "Malam, injin nan ƙara yake kamar janareta, liman yana karatu ana jin gurnaninsa." Gaskiya ne, abin da ciwo, musamman a ƙaramin masallaci lokacin Asuba. Amma maganin da mutane ke yi masa ya fi cutar muni. Wani ya cire wayar fankar gaba ɗaya, wani ya sa mai gyara ya ɗauko ta tsohuwar kwamfuta ya liƙa. Sai a ji tsit, kowa ya ce an huta. Bayan mako biyu, ana tsakiyar tafsiri ko huɗuba, injin ya ɗauke.

Dalili kuwa, wani kaso na wutar da amfilifaya ke ja ba ya zama sauti, zafi yake komawa. Zafin nan yana taruwa a jikin transistoci, su kuma an ɗaure su a kan wani ƙarfen alminiyam mai haƙora kamar mataji. Aikin fanka shi ne ta tura iska ta tsakanin haƙoran ta kwashe zafin. In iskar ta ragu, injin mai kariya zai kunna jar fitila ya kashe kansa har ya huce. Wanda kariyarsa ta lalace kuwa sai dai a ji ƙauri. Kuɗin transistocin da za a canza ya ninka na fanka sau da yawa, kuma kuɗin jama'a ne da aka tara da ƙyar.

Kafin ka sayi komai, fara duba ko ma fankar ce ke da laifi. Ƙurar hunturu tana daskarewa a fukafukan fanka, su rasa daidaito, sai ta riƙa girgiza. Sau da yawa buroshi mai laushi da abin hura iska sun wadatar. A duba notuna ma, wanda ya kwance kan sa murfi ya yi ta karkarwa. In an share an ɗaure amma ana jin gurza, to boris ɗinta ne ya cinye, canji ya zama dole.

Idan za ka saya, cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, ko Zongo Lane ne a Ankara, ko Alaba a Legas, ko duk inda ake sayar da kayan lantarki a garinku. A bayanta akwai takarda, abu huɗu za ka daidaita.

Na farko ƙarfin wuta. Fankar kwamfuta yawanci 12V ce, alhali amfilifayoyi manya da yawa 24V suke ba fankarsu, wasu tsofaffin ma kai tsaye take shan 220V. Ka sa mai 12V a gurbin 24V, za ta yi gudun hauka ta ƙone. Ka sa mai 24V a gurbin 12V, da ƙyar za ta juya, ko ta ƙi tashi.

Na biyu girma. An fi samun milimita 80, 92 da 120, kaurin kuma galibi 25.

Na uku yawan iskar da take turawa, wanda ake rubutawa da CFM a kwali ko a takardar bayaninta. Nan ne ake yaudarar mutane. Fankoki da yawa da ake cewa marasa ƙara, asirinsu kawai suna juyawa a hankali. Sabuwar ta kai tsohuwar a CFM ko ta yi kusa da ita sosai. Ka tuna ma'aunin da ya isa a ɗaki mai sanyi a Turai ba lallai ya isa a Yamai ko Injamena a watan Afrilu ba.

Na huɗu ƙara, da ake aunawa da dB. Ragin 10 a wannan ma'auni, kunne na jin kamar an raba ƙarar biyu. In akwai fili a jikin injin, fanka babba mai juyawa a hankali tana ba da iskar da ƙarama ke bayarwa da ihu. Ka kuma nemi mai ƙwallayen boris, ta fi mai bushi jure zafi.

Wajen ɗaurawa, mai gyara ya lura da kibiyar da ke gefen fankar, iska ta bi hanyar da ta saba bi, kada a juya ta. A sa 'yar roba tsakanin fanka da ƙarfe, tana shanye girgiza. Gargaɗi ɗaya: manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare soket. Wannan ba aikin yara ba ne, ba kuma na ladan mai karambani ba.

Bayan an rufe, a kunna shi awa guda da ƙarfin da aka saba amfani da shi, a sa hannu a mafitar iska. In ana jin iska mai ɗumi tana fita sosai, madalla. In murfin ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, a mayar wa mai gyara.

Sannan a daina rufe injin da darduma ko kulle shi cikin akwatin katako marar huji don tsoron ɓarayi. A huda akwatin gaba da baya. Wani lokaci ma matsar da injin nesa da makirufon liman shi kaɗai ya kashe maganar, ba a kashe ko sisi ba.