Jiragen da suka fi sauti gudu na shirin dawowa: Wa zai auna ƙararsu a sararin Arewa?

Mutanen Tudun Wadan Zariya ba baƙin ƙarar jirgin sama ba ne. Tun shekarar 1964 da aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a garin, ƙananan jiragen ɗalibai ke shawagi a samansa, har kunne ya saba. To amma ƙarar da ake muhawara a kanta yanzu a Amurka wata iri ce daban, kuma hukuncin da za a yanke a kanta zai iya isowa nan ba tare da an nemi jin ta bakin kowa ba.

A ranar 28 ga Oktoban 2025 jirgin gwaji na hukumar NASA mai suna X-59 ya yi tashinsa na farko a Kalifoniya. Kafin nan, a watan Janairu, jirgin XB-1 na kamfanin Boom ya zarce gudun sauti, sannan a watan Yuni Shugaba Donald Trump ya umarci hukumar sufurin sama ta ƙasarsa da ta soke haramcin da aka ɗora tun 1973 na irin wannan gudu a kan tudu.

Dalilin haramcin shi ne rugugi. Idan jirgi ya wuce gudun sauti, wato kusan kilomita 1,200 cikin awa guda, iskar da yake turawa takan dunƙule ta sauko ƙasa kamar tsawa. Ba sau ɗaya take tashi ba. Tana bin jirgin duk inda ya ratsa, a faɗin kilomita da dama. A 1964 Amurka ta gwada abin a kan birnin Oklahoma na tsawon wata shida, inda jama'a suka shigar da dubban ƙorafe-ƙorafe kan fashewar gilasai da tsagewar bango.

Wannan ne ya takure Concorde, jirgin haɗin gwiwar Birtaniya da Faransa da ya fara jigila a 1976. Yana kai fasinja kusan 100 daga Landan zuwa New York cikin awa uku da rabi, amma fa a kan teku. Indiya ta hana shi gudunsa a sararinta, Malesiya kuma ta sa an dakatar da zirga-zirgarsa zuwa Singafo a 1977 bayan sawu uku kacal. Ko yada zangon da yake yi a Dakar a hanyarsa ta zuwa Brazil, gaɓar teku ce ta sa ya yiwu. Bayan hatsarin Paris na shekarar 2000, wanda ya ci rayuka 113, an jingine shi a 2003, shekarar da Nigeria Airways ma ya rushe.

An ƙera X-59 da dogon hanci siriri, kusan sulusin tsawon jirgin, domin ya warwatsa iskar kada ta dunƙule. Burin NASA shi ne abin da zai iso ƙasa ya zama kamar ƙarar rufe ƙofar mota daga nesa. Za ta yi shawagi da shi a kan wasu garuruwan Amurka, ta tambayi mazauna abin da suka ji, sannan ta miƙa sakamakon ga Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, wadda ke tsara ƙa'idojin da ƙasashe ke bi.

A nan ne batun ya shafi Arewa. Talakan Zariya ba zai hau wannan jirgi ba. Overture, jirgin da Boom ke alƙawari, fasinja 64 zuwa 80 zai ɗauka, kuma tun yanzu masu kujerar alfarma ake nufi da shi. A ƙasar da kamfanonin jirage suka yi barazanar ajiye aiki a 2022 saboda litar man jirgi ta tashi daga Naira 190 zuwa 700, babu mai lissafin sayensa. Sai dai wanda bai hau ba yana iya zama a ƙarƙashin hanya. Jiragen da ke tashi daga Turai zuwa Abuja ko kudancin Afirka sukan ratsa Sahara da Nijar kafin su shigo sararin Najeriya, kamar yadda aka gani a Agustan 2023 lokacin da Nijar ta rufe sararinta, tafiya ta ƙara tsawo. Da zarar an halatta gudun a kan tudu, irin wannan hanyar za a fara hange, musamman ganin yadda ake yi wa yankin kallon hamada.

Ma'aunin da za a ɗauko daga garuruwan Amurka kuwa na gidajensu ne. Bai san ginin ƙasa da azara na birnin Zazzau ba, bai san rufin kwano da tsohon bango da damina ta jiƙa a lungunan Tudun Wada ba. Mai yiwuwa gwaji ya nuna babu illa, amma sai an gwada za a sani, kuma mai gidan da bangonsa ya tsage a nan ba shi da hanyar bin kamfanin waje ya biya shi diyya.

Najeriya ba ta rasa madafa ba. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta bai wa kowace ƙasa cikakken iko da sararin samaniyarta, kuma ɗan Najeriya, Dakta Olumuyiwa Benard Aliu, ya shugabanci majalisar ICAO daga 2014 zuwa 2019. Kwalejin Zariya na horar da matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hanya, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da sassanta na injiniya da tsara gine-gine. Nazarin yadda irin wannan girgiza ke shafar gidajen ƙasa aiki ne da za su iya yi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, matuƙar hukumar NCAA ta nema tun kafin a rattaba hannu kan ƙa'idar.

Akwai ɗan lokaci. Har yanzu ba a ƙera Overture ba, injinsa ma Boom da kansa ke haɗawa tun bayan rabuwarsa da Rolls-Royce a 2022, kuma kamfanin Aerion da ya yi irin wannan alƙawari ya durƙushe a 2021 bai tashi jirgi ko ɗaya ba.