Wanda Ba a Ƙidaya Ba, Ba a Yi Rabo da Shi

A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, idan ka karɓi katin shaidar wani dattijo ka duba, sau da yawa ba za ka ga ranar haihuwa ba. Abin da za ka gani shi ne kalmomin Faransanci masu nufin "an haife shi wajajen" shekara kaza. Ma'aikacin da ya cika takardar ya dubi furfura ne ya yi kirdado. A ganina, wannan kirdado shi ne hoton yadda hukumomi da masu bincike suka san tsofaffinmu: sani ne na nesa, wanda ba ya isa a gina manufa a kansa.

Alkawura dai an yi su. A 2002 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da shirin Madrid kan tsufa. A 2016 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi, wadda ta ɗauki mai shekara 60 zuwa sama a matsayin tsoho. Kowace ranar 1 ga Oktoba kuma ana bikin ranar tsofaffi ta duniya. To amma wane ne mai shekara 60 a garin da ba a rubuta haihuwa ba? Kuma me ke damunsa?

Amsar tana da wuya saboda yadda aka tsara bincike tun farko. Babban binciken yawan jama'a da lafiya da ake kira DHS, wanda aka sha gudanarwa a Nijar da Nijeriya da Kamaru da Gana, mata masu shekara 15 zuwa 49 yake yi wa tambayoyi dalla-dalla. Dalilin a fili yake, domin haihuwa da rayuwar yara ne suka fi damun masu shirya shi. Sai dai sakamakon haka, da mace ta cika shekara 50 sai ta zama suna kawai a jerin mutanen gida. Hawan jininta, da ciwon gwiwarta, da yanar da ta rufe mata ido, babu mai tambayarta.

Gana ta nuna cewa akwai wata hanya. Tana cikin ƙasashe shida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da binciken SAGE a cikinsu, wanda ya mai da hankali kan masu shekara 50 zuwa sama. A can an ɗauke wa masu shekara 70 biyan kuɗin inshorar lafiya, kuma shirin tallafi na LEAP da aka fara a 2008 ya haɗa da matalauta masu shekara 65 da ba su da mataimaki. Waɗannan matakai ba su share dukkan hawaye ba, amma sun sa tsoho ya samu gurbi a kasafin kuɗi.

Wani zai ce Nijar ƙasar yara ce, kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, don haka ɗan abin da ke hannu su ya kamata a kashe wa. Tsoho kuwa yana da ƴaƴansa. Maganar tana da nauyi, amma ta manta da yadda gidajenmu suke a yau. Idan samari suka tafi ci-rani Kano ko Aljeriya ko Libiya, kaka ce ke riƙe jikoki, ita ke daka, ita ke kai mai zazzaɓi asibiti. Ranar da ta kwanta, yaran ne farkon masu wahala.

A nan ne aikin ya zo kan ɗalibin Hausa. Takardun tambayoyi da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta su, sannan a fassara, wani lokaci a bakin zaure. Wanda ya san harshen ya san cewa "lafiya lau" amsar gaisuwa ce, ko mai jinya ma ita zai ba ka. Ya san dattijuwa ba za ta ce ɗanta ya yi watsi da ita ba, domin kunya da rufin asiri. Ya san abin da likita ke kira cuta, mutanen gida "gigin tsufa" suke ce masa, su bar shi haka nan. Ya kuma san cewa wanda bai san shekarunsa ba zai iya faɗa maka ko ya yi aure kafin farin 1973, ko ya fara noma lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960.

Saboda haka, kafin a sake rubuta wata doka, a faɗaɗa bincike ya haɗa da waɗanda suka wuce 50, a kuma sa masana Hausa cikin masu tsara tambayoyin tun daga tushe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ma ɗalibi, idan ka je gida hutu, zauna kusa da kakarka ka tambaye ta yadda ta kwana, sannan ka yi haƙuri ka jira abin da zai biyo bayan "lafiya lau".