Wanda Ya San Inji Shi Ya Kamata Ya Tsare Mu Daga Inji

Duk wanda ya san Funtuwa da Malumfashi ya san cewa da zarar kaka ta yi, ƙarar inji ba ta yankewa. Injin casar masara yana bin gonaki daga Bakori har Ƙafur, injin niƙa yana kowace unguwa, masu walda suna ta gyaran garma da amalanke, gidajen gurzar auduga kuma suna ɗibar leburori na wucin gadi. Tun zamanin Turawa kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a garuruwan nan biyu, jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa a kan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda da aka gama a 1929, daga baya kuma a 1978 aka kafa masaƙar Funtuwa. Ke nan mun daɗe muna neman abinci da inji, amma har yau ba mu koyi yadda za mu hana shi cinye mana yatsu da huhu ba.

'Yan'uwa, wane ne a cikinmu bai san wani magidanci da bel ya fizge wa hannun riga ya haɗa da hannun ba? Ko yaron shago da ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi a ido, don ya yi walda ba tabarau? Idan irin wannan ta faru mukan je gaisuwa, mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, washegari a ɗauki wani yaron a tsayar da shi gaban wannan bel ɗin da har yanzu ba shi da murfi. Mu a ganinmu, kowace ma'aikata tana bukatar mutum guda wanda aikinsa shi ne hana haɗari, kuma wanda ya fi cancanta da wannan aiki shi ne wanda ya taɓa shafa baƙin mai a hannunsa.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Herbert Heinrich da ya kamata mu san labarinsa. An haife shi a 1886, ya fara rayuwa a matsayin yaron koyon aikin ƙira da gyaran injuna. Daga baya ya shiga kamfanin inshora na Travelers, inda aikinsa ya zama duba masana'antu da nazarin rahotannin haɗura, har ya yi ritaya a 1956, ya rasu a 1962. A 1931 ya fitar da littafi a kan rigakafin haɗura a wurin aiki, inda ya ce a cikin haɗura 330 iri ɗaya, 300 sukan wuce ba rauni, 29 su kawo ƙaramin rauni, guda ɗaya kuma ya kawo babban rauni ko mutuwa. Masana na yau suna ja da waɗannan alƙaluma, sun kuma ƙi yarda da ra'ayinsa cewa kashi 88 cikin 100 na haɗura laifin ma'aikaci ne, domin sau da yawa laifin yana ga lalataccen inji da mai ma'aikata da ke gaggawar riba. Duk da haka darasinsa na nan, wato babban haɗari ba ya zuwa sai ya aiko da gargaɗi. Kuma ba mamaki ba ne da wannan tunani ya fito daga wanda ya taɓa tsayawa a gaban inji.

To, wa zai ji wannan gargaɗi a wurinmu? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon makaniki yakan gane daga ƙara kaɗai cewa bel ya saki. Ya san lokacin da yara kan cusa hannu su zaro abin da ya toshe inji ba tare da sun kashe shi ba, domin shi ma ya yi haka a ƙuruciyarsa. Ya san cewa mai gyara ya kamata ya kashe wuta, ya sa kwaɗo a kan makunni, ya jefa makullin a aljihunsa, don kada wani ya kunna yana ciki. Wanda ya yi shekaru a gidan gurza ko masaƙa ya san ciwon ƙurar auduga, wanda kan fara da ƙuncin ƙirji a ranar farko da aka koma aiki bayan hutu, in aka bar shi ya zama tari da haki na har abada. Idan irin wannan dattijo ya ce a sa takunkumi ko a tattare babbar riga, matasa za su ji, saboda sun san ba a takarda ya gani ba.

Doka kuwa tana nan. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, a fitar da ƙura, a ba ma'aikata kayan kariya, a kuma sanar da sufeto duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3. Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ma'aikatu su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF. A 2014 kuma aka yi dokar kafa cibiyar ƙwararrun jami'an tsaron lafiya a wurin aiki, wato ISPON. Amma doka ba ta da ƙafar da za ta shiga rumfar niƙa a kasuwar Ɗandume. Sufeto in ya zo, zuwan yini guda ne, inji kuwa kullum yana juyawa. Gobarar da ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu cikin 2002, inda ma'aikatan dare masu yawa suka ƙone a bayan ƙofofin da aka kulle, ta faru ne shekara 15 bayan an kafa dokar da ta hana haka.

Wasu za su ce tsohon ma'aikaci ma yana da nasa miyagun ɗabi'u, kuma ba shi da takardar shaida. Wannan gaskiya ne, shi ya sa muke cewa a horar da shi. Sabo da haɗari yakan sa mutum ya raina shi, don haka yana bukatar ya koyi doka, da taimakon gaggawa, da auna ƙara da ƙura, da rubuta rahoto. Amma ya fi sauƙi a koya wa ƙwararren mai walda waɗannan a 'yan watanni, da a koya wa sabon mai digiri abin da kunne ya tara a shekara 20. Abin da ya fi horon muhimmanci kuma shi ne iko. Jami'in da ba zai iya tsayar da inji ba sai ya nemi izinin wanda ke ƙirga buhuna, ado ne kawai.

Saboda haka muna kira ga masu ma'aikatu a wannan yanki da su naɗa irin waɗannan mutane, su ba su albashi da ikon cewa a tsaya. Muna kira ga ƙungiyoyin masu walda, makanikai da masu injin niƙa da su zaɓi dattijo guda da zai riƙa zagaya shaguna, yana rubuta har haɗarin da Allah ya kiyaye ba a ji ciwo ba. Hukumar ITF, wadda aka kafa tun 1971 don horar da ma'aikata, ta dubi waɗannan dattawa da idon rahama. Mu kuma iyaye, kafin mu miƙa yaro koyon sana'a, mu je mu ga shagon da idonmu, mu tambaya ko akwai tabarau da safar hannu da murfin bel. Su kuma tsofaffin ma'aikatan da rufe masaƙun Kaduna ya maido gida, kada su ga kamar amfaninsu ya ƙare, domin abin da suka sani zai iya sa wani yaro ya tsufa da yatsunsa goma.

Allah ya ba mu kunnen ji, ya kuma komo da kowane ma'aikaci gida lafiya.