A Ba Mu Tsakuwa Kafin A Ba Mu Alli

Wanda duk ya taɓa leƙa littafin kemistiri na yayyenmu 'yan babban aji ya ga wani zane: harafi a tsakiya, ɗige-ɗige sun kewaye shi. Da yawa daga cikinmu wannan zanen ne ke sa mu ce ajin kimiyya ba namu ba ne, tun ba mu rubuta jarabawar aji uku ba. Ni a ganina laifin ba na zanen ba ne. Haddace shi ake yi, alhali ƙirga shi ya kamata a yi.

Mu ɗauki gishirin miya. Abu biyu ne suka haɗu: sodiyam, mai alamar Na, da kilorin, mai alamar Cl. Sodiyam yana da ilektiron 11, a jere 2, 8, 1. Kilorin yana da 17, a jere 2, 8, 7. Na zagayen waje kaɗai ake zanawa, wato ɗaya a jikin Na, bakwai a jikin Cl. Kowannensu yana neman takwas a waje. Sai sodiyam ya ba da ɗayan nan nasa, kilorin ya cika takwas. Wanda ya bayar a sa shi cikin baka mai kusurwa da alamar tarawa a samansa, wanda ya karɓa kuma da alamar ɗebewa. Nan ne ake yawan ruɗewa, ana tambaya yaya mai bayarwa zai samu tarawa. Amsar ita ce ilektiron kansa cajin ɗebewa gare shi, wanda ya rabu da shi sai ya koma na tarawa.

To mene ne a nan da ya fi dara wuya? Muna haƙa gurabe a ƙasa muna ƙirga tsakuwa ba wanda ya koya mana a allo. Shawarata ita ce a fita da mu gindin bishiya, a zana da'ira biyu a ƙasa, a ba sodiyam tsakuwa ɗaya, a ba kilorin ƙwayar masara bakwai. (Kada a kawo gyaɗa, ba za ta kai ƙarshen darasi ba.) Ɗalibi da hannunsa zai ɗauke tsakuwar ya kai ta wancan gefe. Abin da ya sa ake yin ɗigo ga ɗaya, gicciye ga ɗayan a littafi ke nan, don a gane daga ina kowanne ya fito, amma ilektiron duk iri ɗaya ne.

Amfanin ƙirga yana fitowa ne idan aka canza tambaya. Magnisiyam yana da biyu a waje, oksijin yana da shida, to biyun duka za su tafi. Kalsiyam ma biyu gare shi, amma kilorin gurbi ɗaya kawai ya rage masa, dole a kira kilorin na biyu. Ga dalilin 2 ɗin da ke cikin CaCl₂. Mai hadda idan ya manta lambar ya tsaya cak. Mai ƙirga zai sake gano ta.

Na san za a ce wannan karatun babban aji ne, kuma lokaci bai isa ba. Amma ai a darasin kimiyya na ƙaramin aji ana faɗa mana atam da ilektiron, sai a tsaya daidai inda abin ya fara daɗi. Sodiyam shi kaɗai ƙarfe ne da ke tafarfasa har ya iya kamawa da wuta idan ya taɓa ruwa. Kilorin iska ce mai guba. Su biyun suka zama abin da iyayenmu mata ke zubawa a miyar kuka. Minti ashirin ya isa a nuna mana wannan.

Wani Ba'amurke ne mai suna Gilbert Lewis ya fito da zanen ɗigon a 1916. Zanen bai nuna komai da komai ba: a cikin ƙwayar gishiri kowane sodiyam kilorin shida ne ke kewaye da shi, ba ɗaya ba. Wannan sai mun je babban aji. A yanzu muna roƙon malaman kimiyya su ware mana rana ɗaya kafin hutu. Tsakuwa mu za mu tsinto, masara kuma kowa ya ɗebo tafi ɗaya daga gida.