A Ba Lebura Kwanakin Makokinsa

Jama'a, mutuwa rigar kowa ce, amma a ƙasar nan ba kowa ke da ikon zaman makoki ba.

Mun duba Dokar Ƙwadago ta Nijeriya. Ta ba ma'aikaci hutun kwana 6 in ya cika shekara yana aiki, da kwana 12 na rashin lafiya, da mako 12 ga mace mai haihuwa. Amma ranar da uwarsa ta rasu, dokar ba ta ce kome ba. Sai lebura ya durƙusa wa maigida. In ya ga dama ya bar shi, in ya ga dama ya yanke masa kuɗin yini. Babban mutum kuwa ya kulle ofis ya tafi, wa zai tambaye shi?

A Faransa doka ta ba wanda uba, uwa, miji ko mata suka rasu kwana 3 da cikakken albashi. Abin da mu ke nema ke nan. Majalisar Tarayya ta rubuta shi a doka, talaka ya zauna har sadakar uku.

Ku kuma 'yan kasuwa masu yaran shago, kada ku jira Majalisa. Ku fara daga rumfunanku.