Malalar Mai: 'Yan Sa Kai Masu Sa Ido A Gaɓar Teku

A duk lokacin da ɗanyen mai ya malala cikin teku, gardamar farko da kan tashi ita ce ta yawan abin da ya zuba, domin a kan wannan lissafi ne ake yanke tara da diyya. Galibi kuwa kamfanin da ya yi ɓarnar shi ke da jiragen ruwa da na'urorin awo, watau mai laifi shi ke riƙe da mudu. Dalili ke nan da ya sa aikin 'yan sa kai, waɗanda ke bin gaɓa suna ɗaukar hoto suna rubuta abin da suka gani, ya cancanci hukumomi su dube shi da idon basira.

Ran 20 ga Afrilu, 2010, dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, wanda ke yi wa kamfanin BP aiki a mashigin tekun Meziko kusa da gaɓar Amurka, ya yi bindiga. Mutum 11 suka rasu, mai kuma ya yi kwana 87 yana kwarara. Da fari an ce ganga 1,000 ke zuba kullum, sa'an nan aka koma 5,000. A ƙarshe gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9, kotu kuma ta tsayar da miliyan 3.19 a 2015. Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne, tun da dokar ƙasar ta ba da damar cin tarar da ta kai dala 4,300 a kan kowace ganga in an tabbatar da mummunan sakaci.

Cikin wannan hali hukuma ta hana jiragen sama yin ƙasa da ƙafa 3,000 a bisa yankin, abin da ya hana 'yan jarida ganin ɓarnar sosai. Sai mazauna jihar Luwiziyana, tare da ƙungiyar Louisiana Bucket Brigade da wani ɗalibin jami'a mai suna Jeff Warren, suka fito da dabara. Sukan sa ƙaramar kyamara cikin gorar roba da aka yanke, su ɗaura ta a jikin balan-balan, su sake shi da igiya daga cikin kwalekwale, kyamarar tana ta ɗaukar hoto. Ta haka suka tara hotuna fiye da 100,000, suka harhaɗa su suka zama taswira, suka bar ta ga duk mai so. Hotunan ba su ƙirga ganga ba, amma sun nuna inda man ya kai da ranar da ya kai.

Sai dai wannan aiki yana da rauni guda, domin an fara shi ne bayan ɓarna ta auku. Lauyan kamfani yana iya tambaya: wa ya san yadda gaɓar take kafin nan? A jihar Kalifoniya an riga an shirya wa wannan tambaya. Tun 1993 shirin Beach Watch ke horar da 'yan sa kai su riƙa zagaya gaɓa a kai a kai suna ƙirga tsuntsaye, rayayyu da matattu. Sa'ad da jirgin Cosco Busan ya bugi gada a San Faransisko a 2007, man da yake sha ya zube, bayanan shekara 14 na nan a ajiye, an kuwa yi amfani da su wajen ƙiyasta hasarar.

Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan gardama. A 2008 bututun kamfanin Shell ya fashe a Bodo, cikin ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas. Takardar binciken kamfanin ta ce ganga 1,640 ta zuba, kuma malalar ta fara ne ran 5 ga Oktoba, mutanen gari kuwa suka ce tun ƙarshen Agusta. Da ƙungiyar Amnesty International ta miƙa wa ƙwararru hoton bidiyon da aka ɗauka a wurin, suka ƙiyasta fiye da ganga 100,000. Daga baya kamfanin ya amsa a gaban kotun London cewa lissafinsa ya gaza, a Janairu 2015 kuma ya yarda ya biya fam miliyan 55 a kan wannan malala da wata da ta biyo bayanta.

An kafa hukumar NOSDRA a 2006 don binciken malalar mai, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna cewa hukumomin sa ido sun dogara ga kamfanonin mai hatta wajen isa inda abin ya faru. Masunta kuwa kullum suna kan ruwan, su ne kan fara ganin mai kafin kowa. Abin da ya rage shi ne a koya musu rubuta rana da wuri da ɗibar samfur yadda kotu za ta karɓa, hukumar kuma ta buɗe rajistar da za ta riƙa adana bayanansu tun kafin bututu ya fashe.